Mu Leƙa Mu Gani: Ɗan Ƙaramin Jirgi, Dogon Ayari

 

A wannan fitowa za mu leƙa wani abin nishaɗi da ba a san shi sosai a ƙasashenmu ba, amma ya yi ƙarfi a Jamus da Amurka da Ingila da Japan, wato jiragen ƙasa na kwaikwayo. Waɗannan ƙananan jirage ne da ake ƙerawa daidai da siffar manya, har da tagogi da fitilu da lambar jirgi, a shimfiɗa musu ɗan siririn dogo bisa tebur, a sakar musu wutar lantarki su yi ta tafiya. Wanda ya ji haka zai ce ai wasan yara ne. To, da yawa daga cikin masu yin sa magidanta ne, wasu har da furfura, kuma tambayar da ba sa gajiya da yi wa juna ita ce: tarago nawa kan jirginka zai iya ja? Amsar wannan tambaya ce muka ga ta cancanci a kawo ta gidajenmu, domin a cikinta akwai lissafi da kimiyya ga yara, akwai kuma abin tunani ga duk wanda Allah ya danƙa wa ragamar gida.

Asalin abin da ma'auninsa

Ɗaya daga cikin kamfanonin da suka fi daɗewa a wannan harka shi ne Märklin, wanda aka kafa a garin Göppingen na ƙasar Jamus a shekarar 1859. A 1891 ya nuna jirgin wasa da ake murɗa wa makulli kamar agogo, yana tafiya bisa guntayen dogo da ake harhaɗawa yadda aka so. A 1935 kuma ya fara fitar da masu siririn dogon nan da daga baya aka sani da suna HO, wanda shi ne ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya.

A ma'aunin HO ana raba kowane tsawo na babban jirgi gida 87, a ɗauki gida ɗaya. Faɗin da ke tsakanin ƙarfunan dogo biyu a yawancin ƙasashe milimita 1,435 ne, sai ya koma milimita 16.5. Taragon da tsawonsa mita 15 ne sai ya koma kimanin santimita 17, bai kai taƙi guda ba. Akwai waɗanda suka fi wannan ƙanƙanta, kamar ma'aunin N, mai ɗaya cikin 160, da ma'aunin Z, mai ɗaya cikin 220, wanda Märklin ya fito da shi a 1972.

A birnin Hamburg akwai gidan kallo mai suna Miniatur Wunderland, wanda wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe a 2001. Siririn dogon da aka shimfiɗa a cikinsa ya zarce kilomita 15, yana ratsa garuruwa da duwatsu da gadoji na kwaikwayo. A Amurka kuwa, a shekarar 2011, mutanen gidan tarihin jirgin ƙasa na garin Wilmington sun jera taragai 1,563 da kawunan jirgi 31 a jirgi guda mai tsawon mita 282, har littafin Guinness ya rubuta shi. Da a babban jirgi ne, wannan tsawo ya haura kilomita 24. To, ta yaya abin da bai fi tafin hannu ba yake jan irin wannan ayari?

Ƙafa ke ja kafin inji

Sabon shiga yakan zaci cewa sirrin yana ga ƙarfin inji. Amma da zarar ya yi ta ƙara taragai sai ya ga wani abu: injin yana aiki, ƙafafun suna juyawa, jirgi kuwa yana tsaye wuri ɗaya, kamar motar da ta kafe a rairayi. Ƙarfin bai ƙare ba, kamun ƙafa ne ya ƙare. Ƙarfe ne bisa ƙarfe, dukansu sumul, babu abin da ke riƙe ƙafa ga dogo sai nauyin da ke danne ta.

Ƙa'idar da masu wannan harka suka daɗe da sani ita ce, kan jirgi yakan iya ja da ƙarfin da bai wuce kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na nauyin da ke kan ƙafafunsa masu juyawa ba. Ke nan kan da ya kai giram 500 zai ba da ja na wajen giram 100 zuwa 125. Ko an canza masa inji mai ƙarfi ninki biyu, muddin nauyin bai ƙaru ba, jan ba zai ƙaru ba. Shi ya sa maƙera suke cika cikin waɗannan ƙananan kawuna da ƙarfe. Da an bi ma'auni sak, babban kan jirgi mai tan 120 zai koma giram 180 ne kacal, amma na kwaikwayo yakan ninka wannan sau biyu ko fiye. Wasu kamfanoni, musamman na Turai, sukan sa siririn zoben roba a wasu ƙafafun domin ƙara kamu. Manyan jirage su kuma rairayi suke ɗauke da shi, suna watsa shi gaban ƙafafu idan dogo ya yi santsi.

Sai dai ƙara nauyi yana da iyaka, kuma a nan ne gwanaye suke jan kunnen sababbi. Sukan ce, bayan ka ƙara darma a cikin kan jirgi, ka riƙe taragon baya da hannu, ka saki wuta. Idan ƙafafun suka ci gaba da juyawa suna zamewa, to lafiya lau. Idan kuwa suka tsaya cik, inji na gurnani, ka yi maza ka rage nauyin, domin injin da aka hana juyawa alhali wuta na shigarsa zafi yake yi har ya ƙone. Wato zamewar nan da ake gani kamar kasawa, ita ce ke tsare ran injin. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo kansa.

Taragon da ke jan ƙafa

Tunda jan kan jirgi yana da iyaka, sai hankali ya koma ga abin da ake ja. A babban jirgi, ƙafar ƙarfe bisa dogo tana da sauƙin gangarawa ƙwarai, har kimanin ƙarfin kilo 2 ya isa ya ci gaba da jan tan guda a shimfiɗaɗɗen wuri. Wannan ne dalilin da ya sa jirgin ƙasa ya fi babbar mota arhar ɗaukar kaya. Ɗan ƙaramin tarago bai kai nan ba. Mai kyau daga cikinsu yana bukatar kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa kafin ya yi tafiya, mai datti ko karkatacciyar ƙafa kuwa ya fi haka nesa.

Bari mu yi lissafin misali. A ce kan jirgi yana ba da ja na giram 110, kowane tarago kuma nauyinsa giram 110, yana cin kashi 2 cikin 100, wato ɗan abin da ya ɗara giram 2. Kan jirgin zai ja taragai 50. Idan aka wanke ƙafafun, aka cire ƙura da gashin da ke naɗewa a sandarsu, aka sauya na roba da na ƙarfe masu tsinin baki, har cin kowane tarago ya sauka zuwa kashi 1 cikin 100, to kan nan dai, ba a taɓa shi ba, zai ja kusan 100. Saboda haka masu dogon jirgi sun fi ɓata lokaci a kan ƙafafun taragai bisa ga kan jirgin. Sukan jingina ɗan katako, su saki taragai ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya ƙi gangarawa a ware shi sai an gyara. Tarago guda mai taurin ƙafa yakan cinye rabon uku ko huɗu.

Hawa da kwana

Duk lissafin da muka yi na miƙaƙƙen dogo ne a wuri mai ɗaya. Idan dogon ya tashi santimita 2 a kowace mita, hawan da ido ma da ƙyar yake gane shi, kowane tarago sai ya ƙara neman kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, shi ma kan jirgin sai ya kashe wani abu wajen ɗaga kansa. Taragai 50 na ɗazu sai su koma ƙasa da 25. Idan hawan ya kai santimita 4 a mita, da ƙyar a ja 14. Wannan ya sa masana suke ba da shawarar kada hawa ya wuce kashi 2 cikin 100 ga mai son dogon jirgi.

Kwana ita ma tana da nata haraji. Ɗakin mutum ba fili ba ne, dole dogo ya lanƙwashe, kuma kwanar da ake sayarwa tare da jirgin yara takan matse sosai, santimita 36 zuwa 46 daga tsakiyar da'irar zuwa dogo. Da a babban jirgi ne, wannan bai wuce mita 30 zuwa 40 ba, alhali kwanar manyan layuka ɗaruruwan mitoci ce. A matsattsiyar kwana gefen ƙafa yana gugar dogo, ja ya ƙaru. Masu dogon jirgi sukan buɗe kwanarsu ta kai santimita 75 ko mita guda, ko da hakan zai ci musu rabin ɗaki.

Akwai haɗarin da ya fi guga. Ka shimfiɗa igiya a ƙasa a lanƙwashe, ka ɗaura dutse a ƙarshenta, ka ja ɗaya bakin. Kafin dutsen ya motsa, igiyar za ta miƙe tukuna. Haka dogon jirgi yake so ya yi a kwana: kai na ja ta gaba, nauyi na riƙewa ta baya, taragan tsakiya kuma ana fizgar su zuwa cikin kwanar. Idan ba su da nauyi sai su tuntsure gaba ɗaya, kamar an tsinke tasbaha.

Jerin kaya

Maganin wannan abu biyu ne. Na farko, kowane tarago ya sami nauyin da ya dace da tsawonsa. Ƙungiyar masu jiragen kwaikwayo ta Amurka, NMRA, wadda aka kafa a 1935, ta ba da shawarar cewa a ma'aunin HO a fara da kimanin giram 28, sannan a ƙara giram 14 ga kowane santimita biyu da rabi na tsawon tarago. Mai santimita 15 ke nan zai kai wajen giram 113. Wanda bai kai ba a liƙa masa ɗan ƙarfe a ƙasan cikinsa, wanda ya zarce kuma ya zama kaya ga kan jirgi. Daidai ruwa daidai tsaki.

Na biyu, a san jeri. Masu nauyi su ne a gaba kusa da kai, marasa nauyi a baya, domin taragon da ke gaba shi ke ɗauke da jan dukan waɗanda ke bayansa. A jirgi mai taragai 60, ƙugiyar tarago na farko tana riƙe da 59, ta kusa da ƙarshe kuwa guda ɗaya tak take riƙe da shi. Saboda haka a gaba ake sa masu ƙugiyar ƙarfe, a kuma tabbatar tsayin ƙugiyoyin ya zo daidai, don kada ɗaya ta zame daga bakin ƴar'uwarta a wurin hawa.

Tashi ma yana da ladabi. Tsakanin kowace ƙugiya da ta kusa da ita akwai ɗan sako-sako. Gwanin direba yakan ɗan ja da baya har taragan su matsu, sannan ya tashi a hankali, ta yadda kai zai motsa tarago na farko, na farko ya motsa na biyu, haka har ƙarshe. Tayar da abu daga tsaye ya fi ci gaba da jan sa wuya, ga shi kuwa an raba wahalar ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fizga da gaggawa, ko ƙafa ta zame ko ƙugiya ta tsinke. Sannu ba ta hana zuwa.

Kai biyu ko uku

Idan an yi duk wannan, jirgi kuma ya ƙara tsawo, sai a ƙara kai. A nan ma akwai sharaɗi: dole gudunsu ya zo ɗaya. Idan ɗaya ya fi sauri, sai ya zamana yana jan taragai yana kuma jan ɗan'uwansa, ko na baya ya yi ta tunkuɗar na gaba, ƙarfin da ya kamata ya tafi ga kaya ya ƙare a tsakaninsu. A da wannan yana da wuya, domin wuta ɗaya ce ke bin dogo, kowane kai ya ɗauke ta yadda ƙirarsa take. A farkon shekarun 1990 aka amince da wani tsari mai suna DCC, wanda ya samo asali daga kamfanin Lenz na Jamus. Ana sa wa kowane kai ƴar ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki mai lambarta, a aika masa umarni shi kaɗai ta cikin dogo. Da wannan ake daidaita gudun kawuna biyu ko uku har su yi tafiya kamar guda.

Kuma ba dole ba ne a tara su duka a gaba. Idan aka sa ɗaya a tsakiya ko a ƙarshe, jan da ke kan ƙugiyoyin gaba ya ragu, haɗarin tuntsurewa a kwana ma ya ragu, domin dogon jirgi ya zama tamkar gajeru biyu da aka haɗa.

Manyan jirage ma da waɗannan ƙa'idoji suke aiki. A Muritaniya, jirgin da ke ɗauko tama daga Zuwerat zuwa tashar ruwa ta Nuwadibu, tafiyar kilomita 704 cikin hamada a layin da aka buɗe a 1963, yakan kai taragai 200 ko fiye, tsawonsa ya haura kilomita 2, kawuna biyu ko fiye ke jan sa. A yammacin Ostiraliya, ranar 21 ga Yuni 2001, kamfanin BHP ya tafiyar da jirgi mai taragai 682, tsawonsa ya ɗara kilomita 7, nauyinsa ya kusa tan 100,000. Kawuna 8 aka rarraba a jikinsa, direba guda yana sarrafa su ta rediyo.

A gwada a gida

Waɗannan jirage suna da tsada, kuma ba mu kawo labarinsu don wani ya ci bashi ya saya ba. Yaranmu sun daɗe suna ƙera motocin kara da na gwangwani da na waya, kuma wannan ya isa a koyi darasin. A samo gwangwanayen kifi biyar ko shida, a yi musu ƙafafu da marafan kwalba, a haɗa su da zare, a zuba tsakuwa a ciki. A ɗaura siririyar roba a na gaba, a ja a hankali bisa katako, a auna yadda robar ta miƙe. Sai a ɗaga bakin katakon kaɗan a sake aunawa. Sai a toshe ƙafar gwangwani guda da tsinke a sake aunawa. Daga nan a mai da wofintattu gaba, masu tsakuwa baya, a ja su a kwana a ga abin da zai faru. Yaro ya rubuta abin da ya gani a littafinsa. Uban da ya zauna rabin sa'a da ɗansa ko ƴarsa a kan wannan ya koya musu aune-aune da haƙuri da lura, kuma gani ya kori ji.

Abin lura ga mai gida

A gidajenmu da yawa mutum guda ne ke ja: ga mata da ƴaƴa, ga iyaye tsofaffi, ga ƙanne da marayun ƴan'uwa, ga na ƙauye da ke jiran aike. Wannan alheri ne kuma lada ne, muna roƙon Allah ya ƙara buɗi. Amma idan hawa ya zo, kamar tsadar hatsi ko rashin lafiya ko kuɗin makaranta, abin da aka fi yi shi ne a ƙara danna wa kai nauyi. Mai gida ya ƙara aikin dare, ya ci bashi, ya yi shiru saboda kunya, har wata rana a ji ya faɗi. Mun ga cewa injin da ya fi saurin ƙonewa shi ne wanda aka danne har ba ya iya zamewa. Magidancin da ba ya iya buɗe baki ya ce wa iyalinsa bana ba zan iya wannan ba, yana cikin irin wannan haɗari. Addininmu ya hana a ɗora wa ko da dabba kayan da ya fi ƙarfinta, balle ɗan Adam.

Masu ƙananan jirage sun nuna mana inda ake fara gyara. A duba ƙafafun taragai: saurayin da ya isa koyon sana'a amma yana zaune, bikin da ake kashe abincin wata uku a kwana biyu, sayayyar da ake yi don idon maƙwabta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana cin rabon mutum uku. A duba jeri: a sa abin da ya wajaba a gaba, ci da sha da magani da karatu, sauran su biyo baya. A sa kai na biyu a tsakiya: babban ɗa ko babbar ƴa da suka fara samu su ɗauki wani sashe sananne, ko da kuɗin makarantar ƙane guda ne, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sannan mai gida da uwargida su daidaita gudu, su zauna su san abin da ke shigowa da abin da ke fita, don kada ɗaya na tattali ɗaya na watsarwa, ƙarfin gida ya ƙare a tsakaninsu.

Ku kuma yara, ku sani ba a neman ku ja jirgi tun yanzu. Abin da ake nema gare ku shi ne ku zama taragai masu sauƙin ƙafa: ku kula da littattafanku da tufafinku, ku yi karatu ba sai an bi ku da tsawa ba, ku rage wa iyaye abin da za ku iya ragewa.

Allah ya sa albarka a gidajenmu, ya sauƙaƙa wa masu ɗawainiya da mu, ya ba mu ikon taimakon juna.